Shanyar Juwairiyya

Shekara tara ina yasar kwalbati a Dilimi.
Na san abin da Jos ke jefarwa
fiye da yadda na san fuskar masu jefarwar:
leda, robar lemo, takalmi wari guda,
sai famfas,
kumbure kamar mushen kwaɗo,
ya sha ruwa ya ƙoshi, ya ƙi narkewa.
Na taɓa tono wani a ƙarƙashin laka,
hoton ɗan zomon da ke jikinsa bai ko koɗe ba,
mai shi kuwa, wa ya sani, ƙila ya shiga aji uku.

Da Lantana ta sauka lafiya,
ran kwana biyu na ce mata, ƙunzugun tsumma za mu yi.
Ta dube ni, ta dubi butar da ta kwana a waje.
Ta ce, a sanyin garin nan? Da hannun wa?
Na ce da nawa.
Baki shi ke yanka wuya.

Goggo Tabawa ta buɗe adaka tana mita,
wai abin da suka yi don babu
shi muka dawo muna yi don ilimi.
Ta fiddo zannuwa huɗu da suka sha wanki
har suka yi laushin kunnen ɗan akuya.
Almakashi ya bi ta kansu,
suka tashi goma sha takwas.

Kafin kiran assalatu nake durƙusawa.
Sabulun salo, bokiti biyu,
yatsuna su daskare har in kasa ɗaura tazuge.
Samarin layinmu sun raɗa min suna,
Isiyaku Wanki-da-Guga.
Na amsa.
Wanda ya wuni cikin kwata da kashin gari duka
ba zai ji ƙyamar na 'yarsa ba.

Mama Nanret ta miƙo ta kan katanga
man kaɗe a gwangwanin madara,
ta ce rabi na gindin yarinya, rabi na faso hannunka.
Daga baya ta aiko da acha, ta ƙauyensu,
don kunun ranar da baki zai buɗe.

Ruwan wankan Juwai ba ya bin rariya.
Akwai ƙwallon piya da na binne ran suna,
shi ke sha.
Ganye shida yanzu,
haƙori biyu ita,
suna tsere ba su sani ba.

Amma kada in yi ƙarya.
A watan Agusta sama ta yi kwana uku ba ta ɗauke ba,
shanya ta ƙi bushewa, ɗaki ya yi tsami,
ga zawo, ga zazzaɓi,
Lantana tana kuka ba sauti.
Na rufa buhu a ka, na je shagon Ɗan'azumi,
na sayo biyar.
Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Washegari na rasa inda zan kai su,
na ɗora a baron aikina, na tura da kaina.

Yau rana ta fito.
Igiya ta cika daga bishiyar gwaiba zuwa ƙusar bango,
zannuwan da suka je biki a Bukuru
tun ba a haife ni ba
suna kaɗawa, guntu-guntu, ba girman kai.
Juwai na kan tabarma
da ɗan goran da na zuba wa tsakuwa bakwai,
tana kaɗa shi, tana tsorata, tana sake kaɗawa.

Ban ce na gyara Dilimi ba.
Gobe ma zan shiga da manjagara har gwiwa,
in kwaso abin da zan kwaso.
Sai dai duk wanda ya taso cikin lakar,
na san ba nata ba ne.

Ban da biyar ɗin nan.
Su ina sane da su.