Daƙiƙa Bakwai a Sahu na Uku

Na'urar naɗar shirye-shirye ta kakata Vaike ta fara tari,
wani ƙas-ƙas a cikinta, kamar ɓera a rufin ɗaki.
Mai gyara na bakin gadar Tartu ya kara kunne, ya girgiza kai,
ya ce ba za ta kai bazara ba,
a kwashe abin da ke ciki tun tana numfashi.

Shekara tara ke kwance a cikinta:
hasashen yanayi na ranakun da suka daɗe da wucewa,
wata mata mai koyar da jiƙa kokwamba a ruwan gishiri,
tseren kan ƙanƙara, kacici-kacicin daren Lahadi,
sai bikin mawaƙa, awa huɗu cur,
wanda ba mai taɓawa sai ita.

Na zo da faifai guda da wayon ɗan zamani.
Na ce, Kaka, matsewa ake yi,
awa shida su shige wuri ɗaya, a danne da gwiwa a ja zif.
Kwamfuta ta kama aiki, muka kama shayi,
dusar ƙanƙara tana lasar gilashin taga.

Ta sa tabarau. Ta ce in kai ta minti na arba'in da ɗaya.

Mawaƙa dubu, fararen riguna, iska na wasa da tuta,
kyamara ta gangaro ta hagu a guje,
sai fuskoki suka narke,
suka zama ƙananan tubala masu rawa,
baki da hanci da gira duk an dama su wuri ɗaya.

Ta ce, Ina Endel?
Na ce, Ga shi nan, sahu na uku.
Ta ce, Wannan bango ne. Ban auri bango ba.

Ta kunna na asali da yatsa mai karkarwa.
Daƙiƙa bakwai.
Ga yankan reza a haɓarsa,
ga maɓallin wuya da ta ɗinke da baƙin zare
don farin ya ƙare a daren tafiya,
ga bakinsa ya buɗe a makare, bayan na kowa,
halinsa ne tun yana saurayi.

A nan na gane aikin matsi:
yakan zubar da abin da ya yanke cewa ido ba zai nema ba.
Ina ya san baƙin zare?

Washegari na hau bas na sayo faifai hamsin.
Ba ragi, ba sake niƙa,
kwafi kawai, ƙwaya bisa ƙwaya, yadda tasha ta aiko shi.
Awa ɗaya ta cika faifai, na bar ta ta cika.
Bikin ya ci huɗu; na yanka shi a wurin tafi
don kada a raba waƙa da wutsiyarta.
Na ƙona a hankali, mai gaggawa kan ɓata miya.
Kowanne na yi masa tagwai, na aika gidan goggo a Viljandi,
kowanne muka kalla daga farko har baƙin allo,
ita da tabarau, ni da ciwon wuya.

Na ce, Hasashen yanayin fa, mu zubar?
Ta ce, Bar min na Larabar nan ta watan Maris.
Mutumin talabijin ya ce rana, Endel ya ce ruwa.
Na ce, Wa ya yi gaskiya?
Ta ce, Mutumin talabijin.
Ajiye dai.

Na'urar ta yi shiru a Afrilu, ba ko sallama.
Faifan suna cikin gwangwanin biskit, nesa da taga,
da rubutunta mai kwanciya a kan kowanne.

Mai gyara ya ce faifai ma yana tsufa,
bayan wasu shekaru sai an sake kwafa.
Na gaya mata.
Ba ta ce komai ba,
ta turo min gwangwanin ta kan tebur,
ta tashi duba miyar kabeji.