Wasiƙun da Suka Koma Sababbi

A kan tudun Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
shagona taku huɗu ne da rabi,
taga ɗaya mai kallon tashar jiragen ruwa.

Ran Laraba Eulalia Barría ta hauro matakala ɗari da ashirin,
kwamfutarta a cikin jakar burodi.
Ta ce, "Nibaldo, ta fi ni tsufa.
In na kunna ta, sai na dafa shayi na shanye kafin ta farka."

Na ce babbar manhajar ce ta gaji,
masu ita sun daina waiwayarta.
Sai dai mu share ɗakin ƙaƙaf, mu zuba sabuwa.
Ta dafe murfin da tafin hannu.
"Share me?"

Ashe Hermógenes yana ciki.
Shekara goma sha uku a ɗakin injin jirgin dakon kaya,
ya rubuto da safe, ya rubuto in barci ya ƙi:
daga Busan, daga Callao,
daga wani gari da bai taɓa rubuta sunansa daidai ba.
Kamfanin da ya ba su adireshi ya rufe tuni.
Babu kwafi ko'ina a duniya
sai cikin wannan tsohon faifai mai tari.

Na bi lungu-lungu na tono foldar da manhajar imel ke ɓoyewa,
mai suna kamar kaza ta taka madannai.
Na kwafe ta a filashi, na ƙara a wani.
Dubu huɗu da ɗari biyu da sha biyu.
Ta ce in sake ƙirgawa.
Na sake.

Sannan na goge.
Koren layi ya fara rarrafe a allo.
Ta ɓare lemo, ba ta sha ba,
tana kallon hazo yana haɗiye jirage ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwa ta tashi fes, da hoton wani tafki da ba namu ba.
Na mayar da folda, na buɗe akwatin saƙo.
Wayam.
Gumi ya karyo mini a tsakiyar sanyin Yuli.
Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi,
amma sai ta shiga tattara ɓawon lemo a cinyarta.

Ashe sabuwar ta gina nata ɗaki tana leƙe a can,
ba ta san inda na sauki baƙin ba.
Layi ɗaya na gyara cikin wani ɗan fayil,
na ce mata, ga ƙofar nan.

Sai ga su.
Goma, ɗari, dubu, suna turereniya,
kowace da baƙin rubutu mai kauri
irin na saƙon da ba a taɓa buɗewa ba.
Alamar karatu ce ta faɗi a hanyar ƙaura.

Na ce, "Yi haƙuri, danni biyu ne, yanzu zan mayar."
Ta cafke wuyan hannuna. Yatsunta na ƙamshin lemo.
"Bar su.
Shekara shida ba mai rubuto mini sai kamfanin wuta.
In na buɗe ɗaya a rana, ina za su kai ni?"

Na buga lissafi: sha ɗaya da rabi.
Ta yi dariya har da tari. "Ina da saba'in da huɗu.
To, ya rage tsakanina da shi."

Ta biya, ta ɗora mini burodi biyu,
ta sauka tana riƙe da ƙarfen matakala.
Filashi na biyu yana nan cikin durowata,
na rubuta sunan mijin a jiki,
kusa da ƙananan sukurori da batir ɗin da ya kumbura.