Jaka Mai Aljihu Uku

Shekara talatin da bakwai ina zaune a nan,
a gindin gadar da ta tsallake kogin Parana,
da jakar fata ɗaure a ƙuguna.
Aljihun dama na reyal ɗin Brazil,
na hagu na feson Ajantina,
na tsakiya namu, gwarani,
mai jerin sifili kamar ƙwan kifi.

Ban yi nisa a boko ba.
Amma kafin mai karanta labarai ya gyara kwalar rigarsa
ya ce kasuwa ta yi sanyi,
ni ƙuguna ya riga ya faɗa mini.

Tsoho Anacleto, wanda ya koya mini canji,
cewa yake jakar nan sikeli ce:
"In Brazil ta kwanta da zazzaɓi, jingina da Ajantina.
Maƙwabta ba sa yin ciwo rana ɗaya."
Ya rasu da wannan magana a bakinsa,
ban so in ƙaryata mamaci ba.

Sai dai an sa hannu a takarda, an sassauta ƙofofi.
Motar da ake haɗawa a Sao Paulo,
giyarta daga Kordoba take zuwa,
wayoyin cikinta kuwa 'yata Nidia ke naɗawa
a wani dogon rumbu can bayan gari,
daga isha har asuba.
Wutar da ke juya injinansu kuma
ruwan nan ne da ke wucewa ƙarƙashin ƙafata.

Shekarar da sama ta ƙi,
kogi ya janye har haƙarƙarinsa ya fito,
jiragen waken soya suka zauna a kan yashi kamar shanu masu tuƙa.
Valdomiro ne ya fara zuwa da bas rabi babu kowa,
kujerun baya sai kwalin ruwa.
Mako biyu, Nelida mai sarin barguna ta tsallako daga Iguazu,
ta ƙirga kuɗinta sau uku a gabana,
ta ce, "Bar shi, Casimiro," ta juya.
Sai aka soke aikin dare a wurin su Nidia.
Sai Eulogia mai gurasar rogo
ta fara komawa gida da kwando a rufe,
ƙamshin na binta, ba mai saye.

Kwana arba'in, bai fi ba.
Na shafa dama, shafal.
Na shafa hagu, shafal.
Ban ma taɓa na tsakiya ba.
Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai,
balle an ɗinke su da zare guda.

Da ruwa ya dawo, tare ya dawo mana,
wannan ma gaskiya ce.
Gada ta cika har babura na hawa kan juna,
Nelida ta sa haƙorin azurfa,
Nidia ta yi wa ɗakinta rufin kwano,
jaka ta yi nauyi har ta bar mini kanta a kwankwaso.
Kowa na dariya da yarensa.
Ni kaɗai nake duban aljihu uku cike
ina tunanin wa zai ranta wa wa
ranar da duka za su sake ramewa.

Jikana ya tambaye ni jiya,
"Kaka, cikin ukun wanne ya fi ƙarfi?"
Na ce mutum uku ne a kwale-kwale ɗaya
suna gardamar wandon wa zai fara jiƙewa.
Bai yi dariya ba. Yana son lamba.

Ga lambar, tunda ita ake so.
Kullum kafin rana ta fito ina ƙirga tireloli.
Litinin hamsin da biyu suka haye.
Jiya arba'in da bakwai.
Yau arba'in da ɗaya,
har da wata da ta wuce tana rawa, alamar ba kaya.

Ban gaya wa kowa ba.
Na kira Eulogia, na sayi gurasa biyu
maimakon ɗaya da na saba.