Eriyar Amândio

Tun da aka kashe tsohuwar tasha
dutsen da ke gaban Vinhais ya ƙara tsawo.
Da can hoto kan zo da yayyafi,
amma yana zuwa.
Yanzu mai karanta labarai sai ta buɗe baki
ta daskare,
fuskarta ta farfashe kamar tayil ɗin coci,
sai duhu.

Amândio, shekara saba'in da ɗaya,
ya kwashe hanga huɗu na matarsa,
ya miƙar da su da filaya,
ya auna da tef ɗin ɗinkinta,
ya lanƙwasa su kamar gashin baki.
Ragar gasa kifi ya ɗaura a baya.
Da ya feɗe tsohuwar waya
ruwan sama ya cinye cikinta,
jan ƙarfen ya yi kore shar.
Ashe ɓarawon a gida yake kwana.

Dalma ta ɗiga masa a babban yatsa.
Bai ce uffan ba.

Ga shi kan rufi, rungume da bututun hayaƙi,
Ermelinda a taga tana jefo masa rahoto:
"Talatin da biyu! Hagu kaɗan.
Ta tafi. Koma inda kake!
Sittin! Kada ka yi numfashi!"

Ya ɗaure da wayar shingen inabi,
ya sauko gwiwa na ƙara.

Mai hasashen yanayi, tar da shi har maɓallin kwat,
ya ce gobe iska za ta taso daga Sifaniya.
Ermelinda ta dubi mijinta.
Ya bar tsanin jingine da bango.

Rigunanta huɗu na kan kujera har yau.