Akwatuna Biyu a Rumfata

A rumfata ta gyaran rediyo,
bayan tashar jirgin Gagarawa,
akwatunan ƙara sauti biyu suka kwana.

Babban na Baba Sallau ne.
Jirgin Nguru ya sauke shi
tun ban san kan sukundireba ba.
Ƙarti biyu ke ɗaga shi, suna nishi.
In ka kunna, ba ya amsawa nan take,
sai ya ɗau ɗumi tukuna,
kwalabe huɗu su yi ja a cikinsa,
garwashi a kulle cikin gilashi.
Sannan jita ta buɗe baki.
In Baba ya matsa wa tsirkiya
muryar ba ta tsagewa, dishewa take,
irin dishewar uwa
da ta wuni tana kiran ɗanta daga fadama.

Ƙaramin na Lurwanu ne, jikansa,
mai kaɗa bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri.
A bayan babur ya iso daga Kano.
Ba kwalba, sai taransisto
ƙanana kamar kaska a kunnen sa.
Ka taɓa maɓalli, ya amsa
kafin ka ɗauke yatsa.
Batirin sola ya ishe shi.
Abin da ka auna masa shi zai mayar maka,
tiya ba tozo, ba rami.
Gurnaninsa a ƙirji ake ji,
har kwanon rufina yana kakkaɓe tsatsa.
Amma ka ƙure shi,
sai ka ce langa-langa ake yagawa.

Baba ya ce: naka ba shi da jini a jika.
Lurwanu ya ce: naka ya shanye man janareta
ya bar mu da tsakiyar biki a duhu.
Ni dai ban sa baki ba.
Na kwance noti, na leƙa.

A cikin ƙaramin, zanzaro ce ta yi gini.
Na kankare, na ɗiga dalma, ya tashi.
A cikin babban, kwalba ɗaya ta yi fari fat,
ta mutu.
Irinta sai Legas, in an dace,
in ba a dace ba, sai bayan kaka.

Da la'asar sakaliya Baba ya zo,
ya daɗe yana duban akwatinsa.
Can ya jona jitarsa a na yaron,
ya yamutsa fuska, ya kaɗa.
Awaki suka tsaya. Mai rake ya juyo.
Ya gama, ya goge tsirkiya da hannun riga.
Ya ce: ruwan leda ne, ba na randa ba,
amma yana kashe ƙishi.

Bayan isha'i ina rufe rumfa
sai ga Lurwanu, shi kaɗai,
da kuɗin riɗin da ya sayar ran kasuwa.
Ya rage murya, ya ce:
kwalbar nan, nawa ce?
Kada ka gaya masa.