Talatar da Ban Rubuta Ba

Ni ke riƙon littafi a kamfanin kwanon rufi na Kakuri.
Tebur ɗaya, fanka mai gurnani,
biro ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa.
Jan littafin hatsari kuwa a aljihun tebur na ƙasa yake kwana,
shi da rasit ɗin man janareta.

Talata ce, gab da azahar,
Barau ya shigo, hannun hagu naɗe da tsumman goge inji.
Ya ce, "Saratu, ba komai, kwano ne ya ɗan lashe ni."
Jini na ɗiga a siminti, ɗis, ɗis,
shi ko sai dariya, kada a ce rago ne.

Na jawo littafin, na buɗe.
Sai inuwar Alhaji Sadisu ta faɗo kan shafi.
"Rufe. Bara sau uku muka rubuta,
'yan inshora suka ƙara mana kuɗi sai ka ce mu muka haifi hatsarin.
Su ƙirga ma'aikata, su ƙirga albashi,
su leƙa haƙoran inji su ce ya tsufa,
kowane layi kika ja, da kuɗinsa.
Ga dubu biyu, ya tafi kemis."

Na rufe.
Iyakar abin da na yi ke nan, na rufe.

Washegari Barau na bakin inji,
baƙin mai na ratsa bandeji.
Ran Juma'a yatsa ya yi suntum.
Kwana tara, zazzaɓi.
Kwana goma sha bakwai, wari ya riga shi shiga ɗaki.
Kande ta tallabo shi daga Nasarawa cikin ruwan Agusta,
suka haye gada, kogi ya cika ya yi ja.
Likita bai ɗaga murya ba:
"Ina kuke tun farko?"
Yatsu biyu suka tafi.

Mutumin inshora ya zo da laima da fom.
Ba mugu ba ne, har ya tambayi lafiyar yarana.
"Yaushe abin ya faru?"
Shafin Talata fari fat.
"Wa ya gani?"
Ishaya ne, ya koma Kafanchan noman citta, wayarsa ba ta shiga.
"Tsumman fa?" An ƙone.
"To, ta ina zan san a nan ya yanke,
ba a gida ba, yana gyaran rufin ɗakinsa?"
Fanka ta yi ta gurnani, ita ta amsa mana.

Da ya fita, Alhaji ya matso, murya ƙasa-ƙasa:
"Koma baya ki cike, ki sa kwanan watan ranar."
Na dubi zaren biro, na dubi Alhaji.
Ran nan na iya cewa a'a,
bayan a'a ta daina amfanin kowa.

Kuɗin asibiti daga aljihunsa ya fita.
Diyya na can tana jan ciki daga ofis zuwa ofis.
Takardar sabuntawa ta zo a Janairu, an ƙara, har da ɗori.
An gudu gara, an tad da zago.

Yanzu Barau ne mai gadi.
Kullum safe yakan ɗaga mini hannu,
yatsu uku,
bai taɓa ce mini komai ba, da ma ya ce.

Littafin ya dawo saman tebur.
Jiya tartsatsi ya shiga idon Lawwali, ɗan koyo.
Goma da minti arba'in, na rubuta,
da sunan inji, da sunan wanda ya gani,
na buga waya tun idon bai daina hawaye ba.
Alhaji ya tsaya a ƙofa, ya kalla, ya wuce.

Shafin Talata na nan yadda na bar shi.
In na zo juyawa, nakan lashi yatsa
in ɗaga shafi biyu tare.