Kafar Allura a Sheffield

Ƙarfe biyu saura na dare, ruwan Sheffield ya ƙi tsagaitawa.
Jirgin titi na ƙarshe ya wuce ƙasan tagarmu tun ɗazu.
Morag ta bar shayinta ya huce a kan benci,
ta ce in kulle ɗakin gwaji idan na gama.
Ban gama ba.

Ga tafkuna biyu na ruwan gishiri, kowanne bai fi hawaye ba,
tsakaninsu bango, fatar albasa ta fi shi kauri,
a bangon kuma ƙofa ɗaya tak.
Sai an tsaga gashin kaina gida dubu goma
kafin sili guda ya yi sallama a bakinta.

Na murɗa wuta kaɗan, ba ta kai ta batirin tocila ba.
Nan take gishiri ya raba gari:
masu alamar tarawa suka yi yamma,
masu alamar ɗebewa suka yi gabas.
Ba makiyayi, ba sanda, ba mai kiran sunan kowa,
wani ja ne da ido bai taɓa gani ba,
irin yadda ƙamshin tuya ke juya kan yara a lungu.
Suna turereniya a ƙofa, miliyan bisa miliyan,
allo kuwa ya shimfiɗa kore layi miƙaƙƙe,
hayaniyar kasuwa da aka jiyo daga nesa har ta koma shiru.

Bangon ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne.
Yana da nasa cajin, ya tara 'yan tarawa a jikinsa,
in sun tashi tafiya sai su ja ruwa da su,
ƙaramin kogi ya ɓalle a cikin rami.

Sai ga baƙon da nake jira,
zaren gado, wanda ke naɗe a tsokar kowane mai rai,
dogo, a cukuikuye,
yana gararamba kamar wanda ya ɓata a tasha.
Wutar ta cafke bakinsa.
Kogin na tura shi baya, ita tana jan sa gaba,
ƙofa kuma ba ta karɓar dunƙule,
dole ya warware, ya miƙe, ya bi a tsaye.
Layin allo ya faɗa ƙasa, tsulum,
ya dawo tun ƙiftawar ido ba ta ɗaura niyya ba.

Ban gan shi ba. Ba wanda ya taɓa ganin wucewarsa.
Gurbin da ya tare kawai nake aunawa.

Kakata Tasalla, a ɗakinta na Gumel,
bayan yana ta rufe mata idanu,
haske da duhu kaɗai suka rage mata.
In mutum ya tsaya a ƙofa sai ta ce,
“Jatau ne, ya cinye hasken duka.”
Ko kuma, “Wannan ɗan wulgin Kyauta ce,
ba ta tsayawa gaisuwa.”
Zurfin duhu da daɗewarsa, da su take karanta mu.
Shekara shida na yi ina neman digiri
kafin na gane aikinta na gada.

Ƙarfe uku, layi ya kwanta ƙasa ya ƙi tashi.
Wani ya maƙale, ba shiga, ba fita.
Na san wannan tsayuwar.
Na yi irinta a filin jirgi, takardu a hannu,
gida na ja, nan na ja.
Na juya masa wutar, ramin ya tofo shi baya,
kasuwa ta sake ci.

Waya ta yi ƙara, Kyauta ce ta tashi da ciwon haƙori.
“Wai me kike yi har yanzu a ƙasar sanyin nan?”
Na ce ina zura zare a kafar allura.
Ta ce, “Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkewa?”

Ɗari huɗu da sha biyu suka wuce daren nan.
Na rubuta, na wanke kofin Morag,
na nemi lemata, ashe a jirgin titi na baro ta.